Yadda Ake Saita Obalodi Don Kada Moton Masana'anta Ya Ƙone

Duk mai aikin lantarki a masana'antun Ikeja, Oregun, Ilupeju ko Apapa a Legas ya san warin kwayil idan ya ƙone. Tun daga bakin ƙofa za ka shaƙe shi, kafin ma a nuna maka moton. Idan ka buɗe fanel kuwa, galibi ɗayan biyu za ka tarar: ko an murɗa obalodi har ƙurya, ko wani ya ɗauki guntuwar waya ya haɗe taminal 95 da 96 na obalodin, waɗanda ke tsayar da moto, don a samu a gama aikin ranar. An kuwa gama, sai dai daga nan sai zaman jiran mai naɗi.

Obalodi shi ne ɗan abin nan da ake maƙalawa a ƙarƙashin kontakta, wato makunnin da ke ba moto wuta, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na moto. A cikinsa akwai siraran ƙarafa uku, ɗaya ga kowane fes, wato kowane ɗaya daga layukan wuta uku, kowanne an yi shi da ƙarfe iri biyu da aka manne. Wutar da moto ke ja tana ɗumama su, kuma da yake ɗaya ƙarfen ya fi ɗaya saurin miƙewa da zafi, sai abin ya riƙa lanƙwashewa. Idan lanƙwasar ta kai wani matsayi sai ta ture wata 'yar sanda, 95 da 96 su rabu, kwayil ɗin kontakta ya rasa wuta, kontakta ta saki, moto ya tsaya. Ka riƙe wannan da kyau: obalodi ba ya jin zafin moto, zafin jikinsa yake ji, yana kintacen na moto daga amfiyar da ke ratsa shi. Saitin da ka yi masa shi zai sa kintacen ya dace ko ya kauce. Kuma ba aikinsa ba ne tare shot idan fes ya taɓa fes. Wannan na fiyus ne ko bireka, don haka dole su kasance a gabansa.

Kafin ka sa hannu

A Legas da wuya ka samu masana'anta mai hanyar wuta ɗaya. Akwai ta Nepa, akwai ta janareta, wasu har da sola. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne, tana iya dawowa hannunka na ciki. Sauke aisoletar moton, rataya mata kwaɗo, ka sa makullin a aljihunka. Sannan ka auna da mita, fes da fes, fes da ƙasa. Tasta mai ɗan ƙwai ba abin dogaro ba ce a nan. Idan akwai kapasita a fanel, ba ta 'yan mintuna ta sauke, ka sake aunawa.

Allon jikin moto

Lambar da za ka saita tana jikin moto, a ɗan allon ƙarfen nan da maiko da ƙura suka rufe. Goge shi, ka haska da fitilar waya, ka ɗauki hotonsa. Bari mu ɗauki misali ɗaya mu tafi da shi har ƙarshe: moto mai kilowat 15, wato kusan doki 20, an rubuta masa 400/690 V, Δ/Y, 28.5/16.5 A, 50 Hz, cos φ 0.85 (kason wutar da ke yin ainihin aiki), ajin rufin waya F. Ko Ikeja Electric ce ke ba ka wuta ko Eko, layin fes uku bolt 400 zuwa 415 ne, 50 Hz. Δ delta ne, Y sita, hanyoyi biyu na haɗa kwayil ukun moto, lambobin farko na delta, na biyu na sita. Saboda haka wannan moton a delta zai yi aiki, amfiyarsa kuma 28.5.

A nan wasu ke tuntuɓe. Ƙananan motoci da yawa 230/400 V aka rubuta musu. Irin waɗannan a sita ake haɗa su a layinmu, amfiyar da ke gefen 400 za ka ɗauka, wato ƙaramar lambar. Ka haɗa shi a delta, ko ka sa masa sitata mai sita-delta, ka ɗora wa kwayil ɗin 230 bolt 400 ke nan, ba zai daɗe ba.

Idan allon ya goge ko ya faɗi, kamar yadda ake gani a tsofaffin tokumbo da waɗanda suka sha naɗi, sai lissafi: wat ɗin moto a raba shi da 1.73 sau bolt sau cos φ sau ingancin moto. A misalinmu, 15,000 a raba da 1.73 × 400 × 0.85 × 0.9, ya ba da amfiya 28 da ɗoriya. Masu sana'a kan gajarce shi su ce kowane kilowat amfiya biyu a layin 400. Wannan ya isa ka san girman obalodin da za ka saya, amma ya ɗan yi sama, kada ka saita da shi kai tsaye. Tokumbon da ya fito daga Amurka kuwa sau da yawa 460 V ne, 60 Hz. Zai juya a layinmu, sai dai gudunsa da ƙarfinsa za su ragu da kusan kashi ɗaya cikin shida, fankarsa ma ta rage iska. Amfiyar allonsa ita ce iyakar abin da kwayil zai ɗauka, kada ka haura ta don kana son ya yi aikin da yake yi a can.

Zaɓen obalodi da murɗa faifai

Kowane obalodi da zangonsa. A jerin LRD na Schneider, misali, LRD16 daga 9 zuwa 13 ne, LRD21 daga 12 zuwa 18, LRD22 daga 16 zuwa 24, LRD32 daga 23 zuwa 32. Siemens da ABB su ma da nasu jerin. Zaɓi wanda lambarka ta faɗo cikinsa da ɗan sarari sama da ƙasa, ba a bakin iyaka ba. Idan motonmu na tashi kai tsaye da kontakta ɗaya, mai 23 zuwa 32 ne nasa. In za ka shiga Alaba saye, tafi da hoton allon da lambar kontaktar, don ba kowane obalodi ke zama a ƙarƙashin kowace kontakta ba. Ka kuma duba kaya da kyau, na jabu faifansa yana da lambobi amma ƙarfen ciki bai san da su ba.

Ɗaga murfin roba, sa ƙaramin sukudireba, ka murɗa faifai har kibiya ta tsaya a kan 28.5. Shi ke nan. Lambar allo, ba ƙari.

Na san za a ce ai ana ƙara kashi 25 cikin ɗari. Wannan magana ta daɗe tana yawo a bakin masu gyara, kuma tana da asali. Dokar wayarin ta Amurka, NEC, a sashe na 430.32, ta ce kada wurin yankewar kariyar moto ya wuce kashi 125 na amfiyar allo idan moton yana da SF, wato rarar ƙarfin da aka rubuta masa, 1.15 ko sama, ko hawan zafin da aka rubuta masa bai wuce digiri 40 ba, ko kashi 115 ga sauran. Amma wannan wurin yankewa take nufi, ba lambar da za ka murɗa ba. Obalodin da muke amfani da su a nan bisa ƙa'idar IEC 60947-4-1 aka ƙera su, kuma an riga an saka rarar a cikinsu: idan wuta ta kai ninki 1.05 na saiti ba zai yanke ba cikin awa biyu, idan ta kai 1.2 dole ya yanke kafin awa biyu. Ka ga a saitin 28.5, yana haƙuri har kusan amfiya 30, yana yankewa kafin ko a 34.

To yanzu ƙara masa kashi 25 ɗin ka gani. Saiti ya koma 35.6, wurin da tabbas zai yanke ya koma kusan 43, wato moto na iya jan ninki ɗaya da rabi na abin da aka yi shi dominsa. Zafin kwayil kuma ba daidai da amfiya yake hawa ba, amfiya sau kanta ne: ninki 1.5 na wuta yana ba da ninki 2.25 na zafi. Rufin waya ajin F digiri 155 ne iyakarsa, ajin B 130, kuma sananne ne a wannan sana'a cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanan rufin gida biyu. Moton ba zai ƙone yau ba, shi ya sa wanda ya yi ƙarin yake ganin ya yi daidai. A hankali fentin wayar ke gasuwa, ranar da zai tafi kuma a ɗora wa Nepa laifi.

Sita-delta

Wannan ne wurin da ya fi cin motoci, kuma moto mai kilowat 15 galibi da sita-delta ake tayar da shi, wato ya tashi a sita, sannan taima ta mayar da shi delta. Kontakta uku ne, wayoyi shida ke tafiya zuwa moto. Tambayar da za ka yi wa kanka ɗaya ce: ina obalodin yake zaune?

A yawancin fanel yana maƙale ne a ƙarƙashin babbar kontakta, wayoyinsa uku suna tafiya kai tsaye zuwa U1, V1, W1. A wannan wurin ba wutar layi gaba ɗaya ke ratsa shi ba, ta kwayil ɗaya ce, wadda take kashi 58 cikin ɗari na ta layi. Saitinka 28.5 × 0.58 ne, wato 16.5. Ka lura ita ce lamba ta biyu da ke kan allo, masu ƙera moton sun riga sun yi maka lissafin. Obalodin da ya dace shi ne mai 12 zuwa 18. Wanda ya sa mai 23 zuwa 32 a wannan wurin ya murɗa 28.5, ya ba moton izinin jan amfiya 49 daga layi kafin obalodi ya ma fara jin ɗumi. Fanel ɗin a ido lafiya lau, komai sabo, amma moton ba shi da mai tsaro.

Idan kuwa obalodin yana can sama ne a layin da ke shigowa, kafin wuta ta rabu zuwa babbar kontakta da ta delta, to 28.5 za ka sa. Akan yi haka ga injin da ke daɗewa wajen tashi. Illarsa ita ce idan taima ta lalace moto ya maƙale a sita, kwayil mai ɗaukar 16.5 zai iya shan fiye da haka obalodi bai sani ba. Bi wayoyin da yatsanka, wuta a kashe, har ka tabbatar. Kada ka dogara da zanen da ke manne a ƙofar fanel, hannaye da yawa sun shiga tun bayan da aka zana shi.

Abu biyu kuma da ke sauya lissafi. Idan an haɗa kapasita a taminal ɗin moto, bayan obalodi, wutar da ke ratsa obalodi za ta ragu alhali ta cikin kwayil tana nan yadda take, sai a sauko da saiti gwargwadon raguwar, ko ma a mayar da kapasitar gaban obalodi a huta. Manyan motoci kuma ta CT, ƙaramar taransifomar da ke rage amfiya don awo, ake auna su: moto mai amfiya 160 da CT 200/5, saitinsa 160 × 5 ÷ 200, wato 4.

Ajin yankewa

Moto idan zai tashi kai tsaye yana jan ninki shida zuwa takwas na amfiyarsa na 'yan daƙiƙu. Dole obalodi ya yi haƙuri da wannan, amma kada haƙurin ya wuce kima. Lambar aji ita ke faɗin tsawon haƙurin a ninki 7.2 na saiti, daga sanyi: aji 10A daƙiƙa 2 zuwa 10, aji 10 daƙiƙa 4 zuwa 10, aji 20 daƙiƙa 6 zuwa 20, aji 30 daƙiƙa 9 zuwa 30. Famfo, kwamfireso da yawancin injuna aji 10 ko 10A ya ishe su. Sumon bohol, wato famfon da ke nutse cikin ruwa, da kwamfireson ɗakin sanyi irin na masu kifi a Ijora kada ka kai su sama da 10, ba sa jure tsayuwa da wuta a jiki.

Masu nauyin juyi, kamar babbar fankar zuƙe ƙura, injin niƙa mai hama ko injin farfasa roba, su ne ke yankewa tun ba su gama tashi ba. Maganin ba murɗa faifai ba ne. Sa kilam-mita, kunna agogon wayarka, ka ƙirga daƙiƙun da amfiya ke ɗauka kafin ta sauko. Idan sun kusa goma, aji 20 kake bukata, ko obalodi na lantarki wanda ake zaɓar ajinsa, kuma saitin amfiya na nan a lambar allo. Kafin nan ma ka tabbata ba da kaya a ciki ake tayar da injin ba. Sau da yawa a wuraren niƙa na Mile 12 da Agege wuta kan ɗauke hatsi na cikin inji, idan ta dawo yaro ya danna koren maɓallin tayarwa haka nan.

Ka kuma san cewa waɗancan daƙiƙun na obalodi mai sanyi ne. Idan ya riga ya ɗau ɗumi, da sauri zai yanke. A ranar da ake ta kai-komo tsakanin Nepa da janareta, moto na tashi yana tsayawa, yankewar da ya yi gaskiya ya faɗa.

Risat, wayarin da gwaji

Akwai ɗan maɓalli mai H da A, wasu M da A. Sa shi a na hannu, wato H ko M. Idan yana A, da zarar ƙarfen ya huce 95 da 96 za su koma su haɗe da kansu. A fanel mai maɓallin kore da ja ba lallai moto ya tashi ba, amma inda fulot na tanki ko makunnin fireshan iska ke tayar da shi, zai tashi ba sallama, wataƙila hannun wani na kan bel. Ko ba a yi rauni ba, zai yi ta tashi yana yankewa cikin dare har kwayil ya gasu.

95 da 96 su shiga jeri ɗaya da jan maɓalli da kwayil ɗin kontakta, A1 da A2. 97 da 98 kuma ka kai su ga ɗan ƙwan fitila a ƙofar fanel, don mai aiki ya san obalodi ne ya yanke ba wuta aka ɗauke ba. Ɗaure sukurorin taminal tamau. Sako-sakon taminal yana yin zafi, zafin ya shiga ƙarfen ciki, obalodi ya yanke alhali moto lafiyarsa ƙalau. Siririyar waya ma haka take yi. A wajajen Apapa da sauran bakin ruwa iskar gishiri na cin taminal, idan ka ga ya yi kore ko baƙi, kankare ko ka sauya. Idan moto mai fes ɗaya ne ka sa wa obalodi mai ƙafa uku, zagaya wayar ta ratsa ƙafafun uku a jere, in ba haka ba zai ɗauka fes ya faɗi ya yi ta yankewa.

Mayar da wuta, tayar da moto, danna maɓallin TEST. Kontakta ta saki nan take, fitila ta kama. Idan moto ya ci gaba da juyi, tsaya nan: ko an haɗe 95 da 96 a wani lungu, ko kontakta ta manne.

Awo da kaya a kai

Yi risat, bar injin ya ɗauki aikinsa na yau da kullum kamar rabin awa, sannan ka auna fes uku ɗaya bayan ɗaya. A sita-delta, idan ka kama ɗaya daga wayoyi shida, da 16.5 za ka gwada, idan ka kama layin shigowa, da 28.5. Rubuta saitin, amfiyar fes ukun da kwanan wata a bayan ƙofar fanel.

Idan daga baya ya fara yankewa, Oga zai ce ka ɗan ƙara masa. Ce masa ya ba ka minti goma da mita. In fes ukun duk sun haura allo kusan daidai, ko kaya ne ya yi yawa, ko boris ya fara ci, ko bel ya ɗaure da yawa, ko bolt ya faɗi. Moto na jure bambancin kashi 5 cikin ɗari a bolt ba damuwa, ya kai kashi 10 yana ƙarin zafi. Idan bolt ya sauka kaya bai ragu ba, amfiya ce ke hawa ta cike giɓin. A janareta ka duba har da 50 Hz ɗin.

In kuwa fes ɗaya ya yi sama wani ya yi ƙasa, auna bolt tsakanin fes da fes. A ce ka samu 400, 408 da 380. Matsakaicinsu 396, wanda ya fi kaucewa ya kauce da 16, wato kashi 4 cikin ɗari. A ido kaɗan ne, amma kashi 1 na rashin daidaiton bolt yana haifar da kashi 6 zuwa 10 a amfiya, kuma kashi 4 ɗin nan na iya ƙara zafin kwayil da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ya wuce kashi 5, kashe moton. Yana faruwa a layin da taransifoma ɗaya ke ciyar da masana'anta da gidajen unguwa, aka jibga kaya a fes ɗaya. Idan bolt daidai yake amma amfiya ta karkace, juya wayoyin uku gaba ɗaya, kowace ta matsa taminal na gaba don juyin moto kada ya sauya. Babbar amfiyar ta bi wayar layi, matsalar daga wuta take. Ta tsaya a taminal ɗin moto, kwayil ne, musamman in bai daɗe da dawowa daga naɗi ba.

Faɗuwar fes ɗaya gaba ɗaya, ko fiyus ya tsinke a fol ko ƙafar kontakta ta ƙone, obalodi na zamani yana gane shi ya yanke da wuri. Duk da haka ƙara na'urar lura da fes a layin kwantirol. Ita tana hana moto tashi tun farko, tana kuma kama juyewar fes idan an taɓa wayarin janareta.

Abin da obalodi ba ya gani

An ƙera moto ne don wurin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba. Ƙarƙashin rufin kwano a watan Maris, kusa da tukunyar narka roba, ana wuce haka. Obalodi yana da gyaran zafin wurin da shi yake zaune, amma bai san inda moto yake ba, balle in fanel na ɗaki mai AC. A irin wannan wuri rage wa moto kaya, ka ɗan sauko da saiti ƙasa da allo. Haka idan garin masara ko ƙurar katako ta toshe ragar fanka, amfiya ba za ta motsa ba, moto na dahuwa. Sumo kuma idan ruwa ya ƙare a bohol amfiyarsa sauka take yi, obalodi ba zai ce uffan ba, sai na'urar lura da ruwa ko mai kama ƙarancin amfiya. Moton da ya kwana biyu a ajiye da damina, sa masa mega, na'urar gwada rufin waya, mai bolt 500 kafin ka ba shi wuta, in bai kai megohm 1 ba a busar da shi tukuna.

Wanda ke kan VFD kuwa, wato na'urar da ke sarrafa gudun moto, kariyarsa a cikin na'urar take: shigar da amfiyar allo, bolt, 50 Hz da gudun moto a saitinta. Sai dai a ƙaramin gudu fankar jikin moto ba ta ba da iska sosai. Buɗe akwatin taminal ka duba, idan ka ga ƙananan wayoyi biyu ban da shida na kwayil, galibi na PTC ne da aka binne cikin naɗin, shi ne ke jin ainihin zafin. Kai su ga taminal ɗin PTC na VFD ko ga rile ɗinsa na musamman, ka sa bakin rile ɗin a jeri da 95 da 96. Kada ka gwada shi da mega ko ka ba shi wutar kwantirol, ƙaramin mita a ma'aunin ohm ya isa, kuma a sanyi 'yan ɗaruruwan ohm ko ƙasa da haka za ka gani.